Nazarin Lamari: Daɓen Wani Gidan Haya A Kano Da Sai Da Aka Yi Shi Sau Uku

## Filin da ginin: 2016 zuwa 2018

Mai gidan malamar firamare ce da ta yi ritaya a Kano. Da kuɗin sallamarta da ɗan abin da ta samu na gado ta sayi fili a 2016, a wani ƙauye da gari ya riga ya haɗiye, da niyyar gina gidan haya da zai riƙe ta bayan albashi ya tsaya. Filin ƙafa 50 ne a 75. Gabansa yana kan tudu, bayansa kuma ya shiga bakin wani tsohon kududdufi da aka cike. Irin wannan fili ba baƙo ba ne a Kano. Ramukan da aka haƙa don ginin ƙasa su ne suka zama kududdufai, da mutane suka yi yawa kuma aka riƙa zuba musu shara da ɓaraguzai har su cika, a yanka su filaye.

An gina sashe huɗu, biyu a gaba biyu a baya, da tsakar gida a tsakani. Kowane sashe ciki da falo ne da kicin da banɗaki. Ɗaki ƙafa 12 a 12, falo 12 a 14. Idan aka haɗa duka, ƙasan kowane sashe ya kai kimanin murabba'in mita 36, na gidan gaba ɗaya 144.

Aiki ya yi ta tafiya yana tsayawa gwargwadon aljihu. Da aka zo kan daɓe a Disamban 2018, kuɗi sun ja baya. Magini ya ba da shawarar a tsallake jaman fulo, kankaren da ake zubawa ya rufe dukkan ƙasan gini, a yi daɓen siminti kai tsaye a kan ciko. Cikon kuwa ƙasar da aka haƙo daga ramin tushen ginin ce aka mayar, aka ƙara da tifa biyu ta ɓaraguzai, aka yayyafa ruwa, leburori suka buga da bulo. Ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashi ba. Kaurin daɓen bai wuce santimita 4 ba, kwaɓin kuma buhu ɗaya ne ga baro uku na yashi. An goge samansa da ruwan siminti ya yi sulɓi. Tsakiyar hunturu ne, iska a bushe, kuma ba wanda ya dawo ya ba shi ruwa ko sau ɗaya. A Janairun 2019 'yan haya suka tare.

## Shekarar farko: 2019

Abin da aka fara gani ƙura ce. A dukkan sassan huɗu, mace za ta share ɗaki da safe, kafin azahar farin gari ya sake kwanciya. Ƙafafun gado suka fara cin rami. 'Yan haya suka yi abin da kowa ke yi, suka sayo ledar ɗaki suka shimfiɗa. Amaryar da ke sashen baya na hagu ta ɗora kafet a falo.

Da ruwa ya zauna a Agusta sai sassan baya biyu suka fara wari. Ranar da amaryar ta janye gado ta ɗaga ledar, ƙasan a jiƙe yake sharkaf, bayan ledar ya yi baƙi da fumfuna, kyankyasai suna gudu. Gindin akwatunan lefenta ya kumbura, shinkafar da ta jingina a lungu ta dunƙule a cikin buhu. A jikin bango fenti ya tashi, wani farin gishiri ya fito daga ƙasa har kusan taƙi biyu. Sassan gaba kuwa ƙura kawai suke fama da ita, ƙasansu a bushe.

Aka kira maginin. Ya duba ya ce, "Hajiya, sabon gini ne, bai gama shan iska ba. Damina ɗaya ko biyu zai bushe." Aka bar maganar a haka.

## Gyaran farko, fenti da sabuwar leda: 2020

An shirya gyara kafin damina, sai dokar kulle ta korona ta rufe Kano a Afrilun 2020. Ba a samu yin aikin ba sai Yuni, ruwa ya riga ya sauka. A sassan baya biyu aka toshe tsaguwa, aka shafe daɓen da ruwan siminti, aka bi da jan fentin ƙasa hannu biyu, mai gida kuma ta sayi leda mai kauri daga aljihunta. Abin da aka kashe ya kai kusan kwata na hayar shekara ta sashe ɗaya.

Bai kai wata uku ba. A ƙarshen Agusta fentin ya yi ƙuraje, in an ɗaga leda sai ya biyo bayanta. Ruwan simintin da aka shafa ya ɓare. Sannan wani sabon abu ya fito: a ɗakin baya na hagu, lungun da ke fuskantar tsohon kududdufin ya fara lotsawa, tsaga ta taso daga kusurwa wadda kan mukulli ke shiga. Da hayarsu ta ƙare, amaryar da mijinta suka tashi. Dillalin da ke kawo mutane ya gaya wa mai gida cewa masu neman haya yanzu in suka leƙa ba su ga tayil ba, ko kuɗin ba sa tsayawa tambaya.

## Gyara na biyu, tayil a ko'ina: 2021

Ta tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa tare da ɗanta. An nuna musu tayil na gida mai santimita 40 a 40, da na waje mai 60 a 60, mai ƙyalli, ruwan madara. Wani ɗan kasuwa yana da ragowar kaya na mai ƙyallin yana son ya rabu da su, ya yi ragi mai kyau. Katan ɗaya guda huɗu ne, yana rufe murabba'in mita 1.44, gidan kenan yana cin katan 100 cif. Ta sayi 105. Yanke-yanke da sikatin, wato layin tayil na gindin bango, suka cinye biyar ɗin, ko guda bai yi saura ba. Tayil ɗin nan guda aka sa a falo da ɗaki da kicin da banɗaki.

An yi ciniki da mai sa tayil a kan mita. Shi da yaransa suka baza kwaɓin yashi da siminti mai ɗan danshi a kan tsohon daɓen, ba tare da sun kankare fentin ba, suna zuba ruwan siminti suna ɗora tayil suna bugawa da gudumar roba. Inda ƙasa ba ta daidaita ba sai su ɗiga kwaɓi wuri biyar, kusurwa huɗu da tsakiya, su dafa tayil a kai. Sun haɗe tayil baki da baki yadda ko reza ba za ta shiga ba, domin haka ake so a ga ɗaki kamar shimfiɗa ɗaya. Sun kuma kai shi har jikin bango ya tokare. An gama kafin azumin 2021, cikin zafin bazara, washegari aka shigar da kaya. Ƙasa ta tashi da kusan santimita 5, sai da aka rage gindin ƙofofi. Banɗaki ya zama daidai da ɗaki, ruwan wanka yana gangarowa har bakin gado.

Watannin farko komai ya yi kyau. Sashen da ke rufe ya samu mai shiga, an kuma ƙara kuɗin haya. A daminar 2021 warin ya ragu, amma a sassan baya layin da ke tsakanin tayil ya yi duhu, farin gari yana fitowa ta nan, gishirin bango kuma ya ƙara hawa.

## Lalacewa: Janairu zuwa Oktoban 2022

Wani dare mai sanyi a Janairu, mutanen sashen gaba na dama suka ji ƙara a falo har suka zaci harbi ne. Da suka haska fitila, tayil shida sun ɗago a tsakiyar falon sun yi tozo, biyu sun fashe. Kafin hunturu ya fita haka ta faru a sassa uku.

Sauran ɓarnar a hankali ta zo. Kusurwar tayil ta riƙa karyewa a ƙarƙashin ƙafar gado da inda ake dire tukunyar gas. Wata ta yi daka a kicin, tayil biyu suka tsage a ƙarƙashin turmi. Mahaifiyar wani ɗan haya ta zame a banɗaki tana alwala, ta yi targaɗe a hannu. Aka koma kasuwa neman irin tayil ɗin, babu. Wanda aka samu girmansu ɗaya a rubuce, amma launin ya ɗan fi duhu, faɗin ma ya saɓa da milimita ɗaya ko biyu, sai da aka goge gefensa da injin yanka kafin ya zauna. Falon ya koma faci-faci.

Daminar 2022 ta zo da ruwa mai yawa, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a jihohi da dama, har da maƙwabciya Jigawa. Ruwa bai shiga gidan ba, amma lungun da ke lotsawa ya sauka da kusan santimita 3, tayil suka tsage a jere daga kusurwa zuwa ƙofa. A Oktoba sassan baya biyu duk babu kowa.

## Bincike: Nuwamban 2022

Shawarar da ke kan tebur a lokacin ita ce a cire tayil ɗin baya a sa wani mai tsada. Kafin a yi haka, mai gida ta yi maganar da wani tsohon ɗalibinta da ya karanta fasahar gine-gine, yake kuma duba ayyukan gini. Ya ce, "Malama, kada a sayi ko buhu ɗaya tukuna. A ba ni kwana uku da lebura ɗaya."

Ya fara da ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya da guntun ƙarfe, yana sa alli a kan duk wanda ya yi amon fanko. A falon gaba na dama fiye da rabi sun sha alli. Ya sa aka ɗaga ɗaya. Bayansa fes yake, ko ɗigon siminti bai kama shi ba, har tambarin kamfani ana karantawa. Bayanin da ya yi shi ne, tayil iri biyu ne. Akwai na yumɓu na yau da kullum, wanda bayansa ke shan ruwa, shi ya sa ake jiƙa shi kafin a sa, siminti kuma yana samun wurin kamawa. Akwai kuma mai tauri da ake kira fosilin, wanda aka gasa da wuta mai tsanani, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Wannan siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau, sai da gam ɗin tayil. Wanda aka saya irin na biyun ne, aka sa shi da dabarar na farko.

Fashewar hunturu ma daga nan take. Siminti da tayil duk suna miƙewa da zafi suna takurewa da sanyi, amma siminti ya fi motsi. A Kano bazara tana haura digiri 40, daren hunturu kuma yana sauka ƙasa da 15. Idan ƙasan ya takure, tayil ɗin da ke kansa sai su matsi juna. Da akwai tazara tsakaninsu da kuma a jikin bango, da ta shanye matsin. Babu tazara, babu kamu a ƙasa, hanyar da ta rage musu sama ce.

Gwaji na biyu na danshi ne. A kowane sashe ya cire tayil ya kai ga tsohon daɓe, ya yanki leda mai haske kimanin santimita 45 a 45, ya liƙe gefunanta huɗu da salatif, ya bar ta kwana ɗaya. A sassan baya cikin ledar ya yi raɓa, simintin da ke ƙarƙashi ya yi duhu, alhali damina ta wuce da fiye da wata guda. A sassan gaba ledar a bushe aka same ta.

Sai haƙa. A lungun da ya lotse aka fasa rami. Tayil, kwaɓin 2021, jan fentin 2020, siririn daɓen 2018, daga nan sai fanko, rata tsakanin daɓe da ƙasa wadda hannu ke shiga har wuyansa. Ƙarƙashin ratar lebura ya riƙa fito da baƙar leda, da tsohon silifa, da toka, da baƙar ƙasa mai wari wadda in an matsa a hannu take dunƙulewa. A zurfin santimita 40 ƙasar taɓo ce. Ramin da aka haƙa a sashen gaba ya nuna jar ƙasa mai tauri, a bushe.

A waje kuma ya ga abubuwa uku. Ruwan kwanon rufi yana zuba daidai gindin bangon baya. Maƙwabtan da suka yi gini daga baya sun ɗaga nasu filayen, lungun bayan gida ya zama shi ne matattarar ruwan layin. Bututun da ke kai ruwan banɗakin baya zuwa masai ya tsage a gaɓa, yana tsiyaya cikin ciko damina da rani.

## Gyara na uku, sashe ɗaya na gwaji: 2023

An fara daga waje a Janairu. Aka canza bututun, aka sa wa rufin baya mazurari da ke kai ruwa kwata, aka zagaye gindin bangon da kankare mai faɗin mita ɗaya da ke gangarawa waje, aka gina lambatu zuwa titi. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi ne bayan sauya fasalin naira, leburori kuma ba su yarda da tiransifa ba, don haka aikin mako biyu ya ci wata guda.

Mai gida ta so a haɗa sassan baya biyu a yi su lokaci guda, tunda duk a rufe suke. Ɗalibin nata ya nemi a yi ɗaya, wanda ya fi lalacewa, a ga yadda zai yi da damina. Ta yarda ba da son ranta ba, ɗayan kuma aka ba wani ɗan kasuwa ya ajiye kayan roba a kan rabin kuɗi.

A sashen hagu an cire komai. An kwashe cikon shara har zurfin kusan santimita 60, inda aka tarar da ƙasa ta asali. Aka mayar da jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa santimita 15, ana yayyafa ruwa ana bi da injin daddaɓe ƙasa da aka yi haya, ba a zuba na gaba sai na ƙasa ya daina nutsewa. A kai aka jera fasassun duwatsu, aka rufe su da yashi mai laushi don kada tsininsu ya huda leda. Sannan aka shimfiɗa leda mai kauri, inda biyu suka haɗu ɗaya ta hau ɗaya da santimita 30, gefenta kuma ya hau bango ya wuce inda daɓe zai tsaya. Sai kankare mai kaurin santimita 10, kwano ɗaya na siminti ga biyu na yashi da huɗu na tsakuwa. An rufe shi da buhuna ana jiƙawa safe da yamma har kwana bakwai.

Daga nan aka bar shi ya bushe mako shida. Wannan jiran shi ya fi komai wuya, domin dillali ya kawo mai so da kuɗi a hannu, sai da aka ba shi haƙuri. Da aka maimaita gwajin leda ta fito a bushe, sannan aka kira mai tayil.

Tayil ɗin da aka zaɓa na gida ne, 40 a 40, marar ƙyalli, ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigo. Ƙurar Kano ja ce, a kan fari ko baƙi nan take take nunawa, wannan kuwa yana ɓoye ta. Ana kuma yin irinsa a masana'antun cikin ƙasa, kamar na Ajaokuta da na jihar Ogun, ba a jiran jirgin ruwa kafin a sake samunsa. Katan ɗaya guda 12 ne, murabba'in mita 1.92. Ɗaki da falo kusan mita 29 ne, katan 15 kenan, aka ƙara biyu na yanka da sikatin, da wasu biyu na ajiya, 19 duka, an kuma duba cewa lambar rukunin da ke jikin kwalayen ɗaya ce don kada launi ya saɓa. Kicin da banɗaki aka sa musu 30 a 30 mai kaushi.

An sa shi da gam, ana ja da cokali mai haƙora yadda zai cika bayan tayil duka. Buhu mai kilo 20 ya riƙa rufe mita huɗu zuwa biyar. Tsakanin tayil da tayil an bar milimita 3 da 'yan robobin tazara, a jikin bango kuma kusan santimita ɗaya, wadda sikatin ya rufe. Ƙasan banɗaki an saukar da shi santimita 3 ƙasa da ɗaki, yana gangarawa zuwa magudana da kusan santimita 2 a kowace mita. Kafin a karɓi aikin an kwarara bokitin ruwa a bakin ƙofa aka tsaya kallon inda zai nufa.

Cinikin ma an canza shi. An biya mai tayil ɗaki-ɗaki, aka riƙe kashi ɗaya cikin huɗu sai bayan mako guda, ranar da aka ƙwanƙwasa kowane tayil a gabansa. Biyar suka yi amo, ya cire ya sake. A tsakar gida kuma aka zuba ɗan dandamalin kankare na turmi da kurfoti.

Ɗan haya ya shiga a Mayu. Daminar 2023 ta zo ta wuce, ƙasan katifa a bushe, ba wari. Hunturu ma ya wuce ba abin da ya motsa.

## Sauran sassa uku: 2024

Jiran shekara guda ya zo da tsadarsa. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin tifar yashi da jar ƙasa ya tashi. A Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti aka sanar da cewa ya dawo tsakanin 7,000 da 8,000. Sashen baya na dama, wanda aka yi masa aiki iri ɗaya da na hagu a Maris da Afrilu, ya ci kuɗi fiye da ɗan'uwansa nesa ba kusa ba.

Sassan gaba ba a kwashe cikonsu ba, tunda a bushe yake kuma bai motsa ba. An cire kwaɓin 2021 da ruɓaɓɓen daɓen farko, aka shimfiɗa leda, aka zuba kankare santimita 8. A nan rashin kamun tayil ɗin 2021 ya yi rana: yawancinsu sun ɗago lafiya ƙalau, ba sai an kankare bayansu ba. Daga abin da aka tara na sassa huɗu an samu fiye da guda 161 da ɗakuna da falukan gaba ke buƙata. Aka mayar da su da gam ɗin da ya dace da fosilin, ana shafawa a ƙasa da kuma bayan tayil, da tazarar milimita 3. Banɗakuna da kicin aka sauya musu mai kaushi. Ragowar masu lafiya suna jingine a sito.

## Halin da ake ciki: Oktoban 2025

Sashen baya na hagu ya ga damina uku, na dama biyu. Ba lotsawa, ba tsaga, gwajin leda a bakin ƙofa yana fitowa a bushe. Sassan gaba sun ga hunturu ɗaya ba su ɗago ba. Tayil huɗu aka canza a gidan duka, uku sanadin faɗuwar abu mai nauyi, ɗaya wajen shigar da firji, kuma duk daga ajiya aka ɗauko. Layukan kicin sun yi baƙi da mai. Takardar haya yanzu ta ƙunshi cewa daka da girkin gawayi a tsakar gida ake yi, duk tayil ɗin da aka fasa kuma ɗan haya ne ke biyan kuɗin aikin canza shi. Sassan huɗu duk da mutane.

Abu ɗaya bai warke ba. Bangon baya har yanzu yana fitar da gishiri, ko da yake ya sauka zuwa faɗin yatsu huɗu daga sikatin.

## Hukunci

Gidan yana da cuta biyu ne da suka bayyana lokaci guda, aka yi ta ba su magani ɗaya. Ta sassan baya a ƙarƙashin ƙasa take: cikon shara da ke ruɓewa yana zama, da ruwa daga rufi da lungu da bututu, ba kuma abin da ya raba shi da daɓe. Ta sassan gaba ta aiki ce kawai, kwaɓi mai ƙarancin siminti da ba a ba shi ruwa ba, daga baya tayil da aka sa ba bisa ƙa'idarsa ba. Fenti da leda da tayil mai ƙyalli duk kaya ne masu amfani a inda ƙasa ta bushe. A sassan baya sun zama kitso da ƙwarƙwata, sun ma ƙara ta'azzara abin, domin duk wanda aka ɗora sai ya toshe hanyar da danshi ke fita, ya tara shi a ƙarƙashi ko ya tura shi bango. Daɓen iyayenmu mata na tsakuwa da makuba, da duk rauninsa, yana barin ƙasa ta yi numfashi. Wanda zai rufe ƙasa ruf da kayan zamani, dole ya fara tare ruwan daga ƙasa.

Tsallake leda da jaman fulo a 2018 shi ne ya fi tsada a duk abin da aka yi, kuma shi ne ya fi kama da tattali a ranar da aka yanke shi. Ledar kanta ba ta kai kuɗin buhunan siminti kaɗan ba. Idan aka haɗa gyaran 2020, da aikin 2021, da hayar da aka rasa, da gyaran ƙarshe a farashin 2024, an biya kuɗin daɓen kirki fiye da sau biyu. Laifin ba na magini kaɗai ba ne. Ya ba da shawarar da ta dace da kuɗin da aka nuna masa, kamar yadda mai tayil ɗin 2021 ya yi saurin da biyan kan mita ke koya wa kowa.

A ganina jiran damina guda kafin a taɓa sashe na biyu daidai ne, duk da tashin farashin da ya biyo baya, domin a Nuwamban 2022 ba wanda zai iya rantsewa cewa ruwan ƙarƙashin filin ba zai fi ƙarfin gyaran ba. Inda nake da ja shi ne a kan tayil ɗin kansa. Ga gidan haya irin wannan, mai yara da daka da jan kaya duk shekara, tarazo, daɓen siminti da tsakuwa da ake gogewa da inji, ya fi ƙarko. Wanda ya shiga tsofaffin asibitoci da makarantun gwamnati ya ga yadda yake cin shekaru da dama ba ya ko gezau. Daɓen siminti ma, in an yi shi buhu ɗaya ga baro ɗaya da rabi aka ba shi ruwa mako guda, zai riƙe ɗakin kwana. Amma masu neman haya tayil suke tambaya, masu aikin tarazo na kirki kuma sun yi ƙaranci, don haka zaɓin ƙaramin tayil na gida marar ƙyalli da katan biyu a sito shi ne mafi kusa da daidai a wannan kasuwa.

Gishirin bangon baya kuwa daga bulon tushe yake hawowa, wanda ba a raba shi da ƙasa da komai ba tun farko, kuma ledar daɓe ba ta kai can. Dillali ya ba da shawarar a rufe shi da tayil zuwa ƙugu, aka ƙi, domin danshin sama zai ƙara hawa. Abin da aka tsayar shi ne a riƙa kankare filastar gindin bangon duk bayan shekara biyu, a sake ta, a shafa farar ƙasa maimakon fentin mai. Zagaye na gaba an sa shi a Fabrairun 2026.